Man Injuna: Inda Ya Fito da Inda Ya Kamata Ya Koma

Jawabin Ma'aikacin Watsa Labarai ga masu injuna da makanikai da manoman rani na ƙasar Yankwashi

 

Maganar da aka aiko ni da ita yau maganar mai ce. Ba man gyaɗa ba, ba kuwa man shanu ba, man da injuna ke sha. Idan aka ce masana'antu, hankalin mutum yakan tafi Bompai ko Sharaɗa ko Chalawa a Kano, inda manyan gine-gine suke. Amma mu ma muna da namu daidai gwargwado. Injin niƙa da na markaɗe, injin casar shinkafa, injin ban ruwa a fadama, janaretan mai walda, tarakta, injin buga bulo, duk masana'antu ne, don kuwa da su ake sarrafa abu ya zama dukiya. Ba ko ɗaya cikinsu da ke motsi sai da mai. Saboda haka ya kamata mu san abu uku: inda man nan yake fitowa, yadda za mu tsare shi sa'ad da ya zo hannunmu, da abin da za mu yi da shi bayan ya gama aiki. Na ukun nan shi ne muhimmi, a kansa kuwa zan fi daɗewa.

ASALIN MAI DA YADDA AKE TACE SHI

Cikin shekarar 1956 aka sami mai a ƙasar nan, a wani gari da ake kira Oloibiri, can cikin fadamun bakin teku. Cikin 1958 aka fara fita da shi zuwa ƙasashen waje. Abin da ke fitowa daga rijiya shi ake kira ɗanyen mai, ba kuwa injin da zai iya shansa yadda yake, sai an kai shi matata.

Aikin matata ba shi da wuyar ganewa. Ana dafa ɗanyen man ne har zafinsa ya kai awo 350 ko fiye, watau ya ninka zafin tafasar ruwa sau uku da rabi, sa'an nan a tura tururinsa cikin wata doguwar hasumiya ta ƙarfe. Abin da ya fi rashin nauyi shi ke hawa can ƙoli, mai nauyi kuwa ya tsaya ƙasa. Daga sama ake samun iskar gas ta girki, sai fetur, sai kananzir da man jirgin sama, sai man gas wanda waɗansu ke kira dizal. Abin da ya rage a gindi, mai kauri, daga cikinsa ake fid da man da manyan masana'antu ke ƙonawa a tukwanensu na tururi, da tushen baƙin mai da giris, da kakin kyandir, da kwaltar da ake shimfiɗawa a hanya. Ashe ke nan fetur da baƙin mai da kwalta uwarsu ɗaya, hali ne kowa da nasa.

An buɗe matata ta farko kusa da Fatakwal cikin 1965, ta Warri cikin 1978, ta Kaduna cikin 1980, sa'an nan aka ƙara wata a Fatakwal cikin 1989. Ta Kaduna ita ce ta fi shafarmu. Ƙarfinta ya kai na tace ganga 110,000 kowace rana, ganga guda kuwa lita 159 ce. Cikin matatun nan huɗu ita kaɗai aka yi wa sashen fid da tushen baƙin mai. Da yake ɗanyen man ƙasarmu marar kauri ne, bai dace da wannan aiki ba, sai aka riƙa sayo mai kauri daga ƙasashen Larabawa da Benezuwela, a turo shi ta bututu tun daga bakin teku har Kaduna. Wannan sashe ya daɗe da tsayawa. Saboda haka tushen baƙin man da kuke zuba wa injunanku a jirgin ruwa yake zuwa daga ƙasashen waje, da kuɗin waje ake sayensa, kamfanonin Ikko da Kano da waɗansu garuruwa su haɗa shi da magunguna, su ɗura a galan. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Cikin 2023 aka ƙaddamar da matatar Ɗangote a Lekki, kusa da Ikko, watau Legas, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana. Ta fara fid da man gas a farkon 2024, fetur kuwa cikin watan Satumba na wannan shekara. Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna da tasu kusa da Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana.

TAFIYAR MAI ZUWA GARE MU

Kafin a gina matatu, tataccen mai daga Turai da Amurka yake zuwa. A sauke shi a Apapa, jirgin ƙasa ya kawo shi Kano, don dogo ya iso Kano tun 1911. Kananzir cikin garwa mai cin galan huɗu yake zuwa. Kakanninmu ba su yar da garwar nan ba. Da ita aka yi ta tallan ruwa, har masu sana'ar suka sami sunansu daga gare ta, maƙera kuma suka yi ta fid da mazurari da 'yan fitilu daga jikinta. Na kawo wannan ne don ku ga cewa mai da tsohon abu sabo ba baƙuwar al'ada ba ce wurinmu.

Daga baya Gwamnati ta shimfiɗa bututu daga Kaduna ya bi ta Zariya zuwa babban ma'ajin mai na Hotoro a Kano, don tankoki su riƙa ɗauka daga nan kusa. Tsufa da ɓarnar masu fasa bututu suka raunana wannan hanya, har ya zama mafi yawan man da muke sha a bayan tanka yake zuwa tun daga kudu. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kilomita dubu ce ko kusa da haka, daga Kano zuwa Kazaure kamar kilomita 80 bisa hanyar Daura, sa'an nan a raba shi gidajen mai, daga nan ya shiga jarka ya hau babur zuwa ƙauye. Kowane zango da kuɗinsa. Bayan da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Ba sai na gaya wa manomin rani abin da wannan ya yi wa aljihunsa ba.

Tafiyar tanka ba kuɗi kaɗai take ci ba, tana cin rai. Ba wanda ya manta da daren 15 ga Oktoba 2024, sa'ad da tankar fetur ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jiharmu. Jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, mafi yawansu matasa. Allah ya jiƙansu da rahama. Ku iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku: ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, shi kuwa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya cikin kwata da rami inda ido ba ya ganinsa. Tartsatsi guda daga bokitin ƙarfe ko salansar babur ya isa. Idan tanka ta faɗi, a yi nesa, a nufi wajen da iska ke fitowa, a sanar da hukuma. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

SAYEN MAI DA AJIYE SHI

Mai yana iya barin matata da kyaunsa ya lalace a hanya. Wani lokaci ma daga tushe yake zuwa da illa, kamar yadda ya faru cikin Fabrairun 2022, sa'ad da aka shigo da fetur daga Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, ya ɓata motoci, aka janye shi daga kasuwa. Tun bayan dokar man fetur ta 2021, hukumar da ake kira NMDPRA ita ke da alhakin lura da tacewa da rarrabawa da gidajen mai, hukumar SON kuwa ita ke duba ingancin baƙin mai. Amma hukuma ba ta tsaye a bakin injinka. Mai inji shi ne mai gadin ƙarshe.

Abokan gāban mai guda uku ne: ruwa, ƙura da gauraye. Idan ka sayo man gas, ɗebi kaɗan cikin farar kwalba ka ajiye ya kwanta. In da ruwa za ka gan shi a gindi, don ya fi mai nauyi. Ruwan nan shi ke sa tsatsa cikin famfon inji da nozul, gyaransu kuwa ya fi kuɗin mai nesa ba kusa ba. Durom ɗin mai a ajiye shi a inuwa, a kishingiɗe ko a karkace, don kada ruwan sama ya taru a bakinsa ya tsiyaya ciki. Lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta cika sama, kada a bar jarka a buɗe, a kuma goge mazurari kafin a ɗura. Kada a ɗebi man gas da jarkar fetur. Kananzir kuwa da fetur ya taɓa shi ya zama makami, fitila ko risho yana iya fashewa da shi.

Game da baƙin mai, akwai rubutu a jikin galan wanda ya kamata kowa ya iya karantawa. Lambobin da ke biye da haruffan SAE, kamar 40 ko 20W-50, kaurin man suke nunawa. Bayan haruffan API kuwa, in ka ga S na injin fetur ne, in ka ga C na injin gas ne, waɗansu kuma suna ɗauke da duka biyun. Takardar da ta zo tare da inji ta faɗi irin wanda ya dace da shi. Ƙananan injunan ban ruwa da muka saba da su ba sa cin lita guda, 'yar rabin lita ce da ɗoriya. Ƙa'idar da masu ƙera su suka fi bayarwa ita ce a yi juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk bayan awa 100, a wurin ƙura kuwa a rage. Wanda ya yi ƙyashin rabin lita, wata rana zai sayi fistin da ringi. Araha ba ta ado.

ABIN DA KE SAMUN MAI CIKIN INJI

Yanzu mun zo kan cibiyar magana. Fetur da man gas ƙonewa suke yi su bi iska. Baƙin mai ba haka yake ba. Aikinsa shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su cin juna, ya kwashe zafi, ya wanke dauɗa. Sa'ad da aka zuba shi launinsa kamar zuma, sa'ad da aka juye shi ya koma kamar tawada. Mutane sukan ce ya mutu. Gaskiyar magana ita ce bai mutu ba, dauɗa ya yi. Abin da ya ƙare cikinsa magungunan nan ne da aka haɗa masa. Abin da ya shiga cikinsa kuwa shi ne kunkunniya, da garin ƙarfe, da ruwa, da ɗan fetur ko gas da ya zurare, da guba iri iri da zafi ya haifar. Amma tushen man, wanda aka sayo da kuɗin waje aka ɗauko a jirgin ruwa, mafi yawansa yana nan yadda yake. Rigar da ta yi dauɗa wanki take bukata, ba a jefa ta juji.

Wankin nan kuwa an san yadda ake yinsa. A masana'antar sake tace mai, da farko akan bar shi ya kwanta, laka ta sauka. Sa'an nan a ɗumama shi ruwa ya fita, a ƙara wuta fetur da gas da suka gauraya su fita. Daga nan a dafa shi cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, don ya yi tururi ba tare da ya ƙone ba. Tururin ya huce ya zama mai, dauɗar ta tsaya a gindi, ita ma a yi amfani da ita wajen haɗa kwalta. Daga ƙarshe a tsarkake shi da wata irin farar ƙasa ko da iskar haidurojin, a zuba masa sababbin magunguna. Cikin kowace lita uku ta man juye akan sami kusan lita biyu ta tushen mai, wanda ingancinsa ba ya kāsa na sabo idan an yi aikin bisa ƙa'ida. Ana kuma iya maimaita wannan sau da yawa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙididdige cewa abin da za a samu daga galan guda na man juye sai an tace galan 42 na ɗanyen mai kafin a sami kwatankwacinsa.

Waɗansu ƙasashe sun yi nisa cikin wannan. A Italiya an kafa wata ƙungiya ta kamfanonin mai tun cikin shekarun 1980 wadda ke bin garejoji tana tattarawa, kusan dukan abin da ta tara kuwa sake tace shi ake yi. A Barazil dokar 2005 ta wajabta a kai man juye wurin masu sake tacewa. A nan Afirka, kamfanonin mai na Afirka ta Kudu sun kafa gidauniyar ROSE cikin 1994 don wannan aiki. Inda ba a kai ga sake tacewa ba, akan fid da ruwa da laka daga man, a sayar wa masana'antun siminti da na narka ƙarfe, waɗanda wutarsu ke da tsananin zafi kuma suna da abin tace hayaƙi. Wannan bai kai sake tacewa daraja ba, amma ya fi zubarwa.

INDA NAMU YAKE TAFIYA

To, mu fa, ina namu yake zuwa? Kowa a nan ya sani. Wani ya juye shi a ƙasa, nan gindin inji, bakin rijiyar fadama. Wani ya zuba a kwata. Wani ya yayyafa a ƙofar shago don ƙura ta kwanta. Wani ya zuba a masai wai maganin sauro da wari. Kafinta ya shafa wa katako saboda gara, mai bulo ya shafa wa abin bugu. Wani ya shafa wa saniya mai kirci ko akuya mai ƙazwa. Wani kuma ya hura wutar gashi da shi. Ba mugunta ke sa a yi haka ba, kowa yana ganin dabara ce ya yi. Amma ku ji abin da ke biyo baya.

Na farko, ruwa. Mai ba ya narkewa cikin ruwa, shimfiɗuwa yake yi a kansa, ɗigo guda ya rufe faɗin tabarma. Wannan shimfiɗa tana hana iska shiga, kifi da sauran halittun ruwa su galabaita. Hukumar nan ta Amurka ta ce man juye na mota guda, sau ɗaya tak, yana iya ɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya. A fadama ruwa ba shi da nisa, shi ya sa ma muke samunsa da 'yar gajeriyar rijiya. Hanyar da ruwan sama ke bi ya sauka, ita mai zai bi. Abin da aka zubar a kwata kuma damina za ta kwashe shi zuwa rafi, daga rafi zuwa dam irin na Kazaure, inda masunta ke neman abinci, dabbobi ke sha. Rijiyar da mai ya shiga ba a yashe ta ta gyaru cikin shekara guda.

Na biyu, ƙasa. Ku dubi inda inji ya shekara ana juye masa mai. Wurin ya yi baƙi, ya taurare, ruwa ba ya shigarsa, ko ciyawa ba ta fitowa. Man ya toshe kafofin da ƙasa ke shaƙar iska, ya kashe ƙananan halittun da ke mai da taki abincin shuka. Manomin da ke yin haka yana rage gonarsa da hannunsa, taki ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, jiki. Masu bincike sun gwada man juye a fatar dabbobi, suka ga yawan shafa shi yana haddasa ciwon daji na fata. Don haka kamfanonin mai da kansu suke gargaɗi kada a bar shi ya daɗe a jiki. Ku iyayen gida na gareji, yaran da ke koyon aiki a hannunku amana ne. Ku sa su wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba, kada kuma su kwana da rigar da ta jiƙe da mai. Dabbar da aka shafa wa kuwa lasa take yi, gubar ta shiga cikinta. Maganin kirci da ƙazwa yana wurin malamin dabbobi. Hayaƙin man juye kuma, in an ƙona shi a fili, yana ɗauke da garin ƙarfe da guba. Bai kamata ya kusanci burodi ko nama ko wani abin da za a ci ba.

Ga wani labari na gaskiya game da yayyafa mai a hanya. A jihar Misuri ta Amurka an yi wani ƙaramin gari, Times Beach, mai mutum wajen 2,000. Daga 1972 aka riƙa fesa man juye a titunansa don kashe ƙura. Ashe mai fesawar ya gauraya man da dattin wata masana'antar magunguna, mai ɗauke da muguwar guba da ake kira dayoksin. Bayan shekara goma aka gane. Cikin 1983 Gwamnatin ƙasar ta yanke shawarar saye garin dukansa, aka tashi mutane, aka rushe gidaje. Darasin da ke ciki biyu ne: ba ka san abin da ke cikin baƙin mai ba idan ba kai ka juye shi ba, kuma gauraya shi da wani abu yana mai da shi bala'i.

Akwai hanya ta huɗu, wadda ta fi sauran cin amana. Waɗansu sukan sayi man juye, su tace da tsumma, su ɗan dafa, su sa masa launi, su ɗura cikin tsofaffin galan-galan na kamfani, su dawo da shi kasuwa a kan sabo ne. Wannan ba sake tacewa ba ce, ha'inci ne. Garin ƙarfen yana nan, magunguna babu. Inji ya sha shi ya buga ana tsakiyar ban ruwa, albasa ko tumatir ya bushe kafin a kawo kayan gyara daga Kano. Hukumar SON takan kama irin wannan kaya lokaci lokaci. Taimakon da za ku yi mata shi ne ku duba hatimin murfi kafin ku saya, ku guji man da ake aunawa daga buɗaɗɗen durom wanda ba ku san asalinsa ba, galan kuma in ya ƙare ku huda shi ko ku kankare tambarinsa kafin ya bar hannunku.

ABIN DA AKE ROƘONKU

Wani zai ce, ni rabin lita nake juyewa, me za ta yi? Bari mu yi lissafi na misali. A ce a fadama guda akwai injin ban ruwa 100, kowanne ana yi masa juye sau shida cikin rani, kowane juye rabin lita. Lita 300 ke nan, durom guda da rabi. Ba a sa na masu niƙa ba, ba a sa na babura da taraktoci ba. Rabin lita ba mai zuwa daga Kano don ya saye ta, amma durom yana da mai saye. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ga abin da ake so a yi:

1. Kafin a kwance fulogin juye, a tara kwano ko yankakkiyar jarka a ƙasa, a shimfiɗa buhu ko leda. A yi juye nesa da bakin rijiya.

2. A zuba man cikin jarka mai murfi wadda aka keɓe don wannan kaɗai, a yi mata alama. Jarkar nan ba ta komawa ɗiban ruwa ko man girki har abada.

3. Kada a gauraya shi da kome: ban da ruwa, ban da fetur, ban da man birki, ban da ruwan batir, ban da maganin feshi. Man da ba a gauraya ba shi ke da daraja wurin masu tacewa.

4. Tsohuwar filta a kifa ta bisa kwano ta kwana tana tsiyaya, sa'an nan a haɗa ta da kayan gwangwan.

5. Kowace ƙungiya, ta manoman rani ko ta masu niƙa ko ta makanikai, ta ajiye durom guda a inuwa, bisa daɓen siminti, nesa da wuta da yara, ta ɗora wa mutum guda alhakinsa, a riƙa rubuta abin da kowa ya kawo.

6. Sa'ad da mai saye ya zo, a tambaye shi ina zai kai, a nemi ganin takardar izninsa. Wanda ya kāsa faɗin inda kayansa ke zuwa, kada a sayar masa, ko da ya fi kowa tayi, don mai yiwuwa ne man nan ya dawo muku cikin sabon galan.

7. In mai ya zube, a rufe shi da yashi ko dusar katako, a kwashe. Kada a kore shi da ruwa.

Wanda ya ga ana zubar da mai da yawa cikin rafi, ko ana haɗa na jabu, ya sanar da mai unguwa ko ma'aikatan tsabta na ƙaramar hukuma a Karkarna. Su sun san hanyar da za su isar da magana ga ma'aikatar muhalli ta jiha da hukumar NESREA, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2007 don tsare dokokin muhalli.

Ɗalibanmu da ke karatun injiniya a kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga aiki nan yana jiranku. Ƙasar da ke sayo tushen baƙin mai da kuɗin waje, alhali tana zubar da irinsa a kwata kowace rana, tana bukatar waɗanda suka san yadda ake tattara shi, a gwada shi, a tace shi bisa ƙa'ida. Amma masana'anta ba ta tsayuwa sai da abin da za ta sarrafa, shi kuwa a hannun waɗanda ke zaune a nan yake.

Ranka ya daɗe, iyakar saƙon ke nan. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni su isar da shi ga waɗanda ba su sami zuwa ba, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai tambaya yana iya yi yanzu. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya tsare mu daga gobara, ya mai da kowa gidansa lafiya.